Giwa Kilo Dubu Shida

A layin shagunan nan babu wanda ya damu da sunansa na yanka, Kwaɗo kowa ke ce masa. Shi a wurinsa sunan daga kwaɗon ƙofa ya samo asali, tunda sana'arsa ke nan, yankan makulli da gyaran kwaɗo. Maƙwabta kuwa, idan ka ja su gefe, sai su ce maka ɗaya kwaɗon suke nufi, na bakin rafi, mai kumbura wuya.

A yi masa adalci, ya iya aikinsa. A bangon shagonsa akwai wani faffaɗan allo mai ƙusoshi, inda safayar makullin kowane shago a layin take rataye, kowace da 'yar takarda mai sunan mai ita. Shekara ashirin ko ɗaya bai taɓa ɓatarwa ba. Abin haushin kawai, ƙofar gidansa shekara biyu ke nan kwaɗonta ya lalace, da kujera ake tokare ta. Kullum maiɗakinsa ta yi magana sai ya ce, “Gobe. Ɓarawon da zai shiga gidan Kwaɗo ai ba a haife shi ba.”

Maiɗakin nasa ɗinkin labule da zanin gado take yi. Ba ta da shago, shagonta a cikin waya yake: wani shafi da ta yi shekara shida tana ginawa, hoto bayan hoto, har ya tara mata masu saye fiye da dubu huɗu. Kwaɗo ba ya son a faɗa a bainar jama'a, amma ya sani sarai tukunyar gidansa da shafin nan take tafasa, ba da injin yanka makulli ba.

Abin ya faro ne ranar da wanzamin layin ya faɗo shagon Kwaɗo yana gumi, waya a hannu.

“Kwaɗo, na shiga uku. Na manta kalmar sirrina, shafina ya ƙi buɗewa.”

“Ina safayar?”

“Wace safaya?”

“Ka ji ka! Mutum ya yi makulli babu safaya? Ai kai ka kulle kanka da kanka.”

Suka tsallaka wajen mai gyaran waya, wata mace mai tabarau wadda ba ta cika magana ba sai ta kama. Cikin minti biyar ta buɗe masa hanya, ta miƙa masa wayar ta ce ya sa sabuwar kalma, amma mai ƙarfi. Kafin wanzami ya miƙa hannu, Kwaɗo ya fizge wayar.

“Ƙarfi ake nema? Kawo nan, fagena aka shigo.”

Ya rubuta “guduma”. Wani jan layi ya fito, wayar ta ce kalmar ba ta da ƙarfi. Ya rubuta “kankare”. Jan layin bai motsa ba.

“Wayar nan ba ta taɓa faɗuwa a kan kankare ba, shi ya sa take raina shi,” in ji Kwaɗo.

“Yaya, ba irin wannan ƙarfin ba,” in ji mai gyaran waya. “Tsawo ake so, a gauraya manyan baƙaƙe da ƙanana, a sa lambobi.”

“Lambobi? Wato awo take so. Ai sai ki ce awo.”

Ya rubuta “Guduma50kilo”. Layin ya koma ruwan ɗorawa. Kwaɗo ya ɗago ya dubi wanzami, ya dubi mai gyaran waya, wuyansa ya fara kumbura. Ya goge, ya rubuta “Giwa6000kiloTsaye”. Layin ya koma kore shar, wayar ta ce kalmar tana da ƙarfi ƙwarai.

“Kun gani? Nauyi ne sirrin! Ƙanwata, shekara nawa kina wannan aiki ba ki gano ba?”

“Yaya, tsawon ne da lambobin suka...”

“Giwa ce. Ki ɗaga giwa in gani.”

Da ma tsautsayin mai cika baki ke nan, ya yi daidai sau ɗaya bisa kuskure. Kafin la'asar Kwaɗo ya samo kwali ya rubuta da jan fenti: ANA YANKA MAKULLI DA KALMAR SIRRI. SAFAYA KYAUTA. Ya kafa a ƙofar shago, ya saka kujera ya harɗe.

Jama'a kuwa suka zo, don mutumin da ya riƙe maka makulli shekara ashirin ba ka yi masa musu a kan makulli. Mai kemis, wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, ta samu “Tirela30tanDaKaya”. Mai sayar da takalma ya samu “Dorina2000kiloJiƙe”, wai jiƙaƙƙiyar dorina ta fi busasshiya nauyi. Mai wankin kaya ya nemi a sa masa sunan 'yarsa, Kwaɗo ya tambaye shi kilonta nawa, da ya ji sha biyu ne ya ce sai dai ya dawo idan ta girma. Kowa aka yanka masa kalma, sai Kwaɗo ya rubuta ta ɓaro-ɓaro a 'yar takarda, da sunan shafi da lambar waya, ya rataya a ƙusa kusa da safayar makullin shagonsa.

Mai gyaran waya ta leƙo ta ga allon, ta dafe ƙirji.

“Yaya, me nake gani haka? Kalmar sirri ba a ba kowa. Ko ni da nake gyara wayar, kau da kai nake yi idan mutum zai rubuta.”

“Saboda ba a yarda da ke ba ne.”

“Makulli sai ɓarawo ya zo ya ɗauka da hannu. Wannan kuwa da ido ake sace ta, kallo ɗaya ya isa.”

“To ya kalli giwa ya ɗauke ta da ido mu gani.”

Wanzami ya tuntsire da dariya, har da tafi. Ta girgiza kai ta ce aƙalla kowa ya kunna kulle na biyu, wanda ake turo lambobi shida a waya kafin shafi ya buɗe. Wannan Kwaɗo ya yarda da shi, don a cewarsa ƙofar kirki kwaɗo biyu take so, kuma da ma shi ya fara tunanin hakan, bai dai faɗa ba ne.

Saura ƙusa ɗaya a saman allon, wadda ya ware wa ta gida. Nan aikin ya yi masa tsauri.

“Uwar yara, kawo safayarki.”

“Ba ni da safaya, Baban yara. A kaina take.”

“Kai ai yana ciwo. Idan kin manta fa? Kuma wane irin kallo za a yi mini a layi, kowa ya ba ni amana sai matata?”

Kwana uku yana bin ta daga keken ɗinki zuwa kicin. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci na rabin awa. Da ta ce ko za ta kunna kulle na biyun, sai ya ce ita ba ta bukata, tunda da ƙwararre take kwana a gida ɗaya. A rana ta huɗu ta ajiye almakashi, ta daɗe tana kallon kujerar da ke tokare da ƙofa, sannan ta ɗauki biro ta yi rubutu a takarda ta miƙa masa.

“Ga ta. Ka rataye ta inda za ka riƙa ganinta kullum.”

Tabaransa na shago, don haka bai karanta ba. Ya dai ga rubutu dogo a manne babu tazara, kamar jirgin ƙasa, ya ce wannan ko ba a auna ba ta yi nauyi. Da safe ya rataye ta a ƙusar sama, kuma bai sake bi ta kanta ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila Allah ya rufa asiri. Amma Kwaɗo ya ga bai kamata duniya ta zauna cikin jahilci ba alhali yana raye. Ya sa rigarsa ta fita, ya ba mai sayar da takalma waya ya ce ya ɗauke shi bidiyo. Ya tsaya a gaban allon, ya gyara murya.

“Jama'ar duniya, ni ne Kwaɗo. Ina kira ga duk wani ɗan kutse, duk inda yake, ya zo ya gwada. Matso da wayar, su gani da kyau. A'a, matso sosai, rubutun bai fito ba. Yauwa. Wannan giwa ce. Wannan tirela ce, har da kaya. Wanda ya isa ya ɗaga!”

Ya bi allon ƙusa bayan ƙusa, daga sama har ƙasa. Daga nan ya zarce shagon wanzami, ya ɗauko wani bawan Allah da aka aske wa rabin kai, bai ko tambaye shi ba, ya ce wa duniya ga ɗaya daga cikin waɗanda suke barci da minshari saboda shi. Ya saki bidiyon a shafinsa, a buɗe ga kowa. Mai gyaran waya ba ta gani ba, ranar ta tafi sarin kaya.

Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Wata murya mai sanyi ta yi masa sallama, ta kira shi Injiniya, abin da tun da aka haife shi ba a taɓa yi ba.

“Injiniya, daga Ƙungiyar Masu Tsaron Wayoyi ta Duniya nake kira. Mun ga bidiyonka. Shugabanmu har hawaye ya yi.”

“Ai dole,” in ji Kwaɗo, ya miƙe tsaye.

“Za mu ba ka lambar yabo ta zinariya. Sai dai doka ta ce sai maƙwabtanka sun zaɓe ka. Yanzu za mu tura wa kowannensu ƙuri'a a waya, lambobi shida. Ka karɓo ka karanto mana. Amma da sauri, ƙuri'ar minti biyar take yi ta lalace.”

Ba a taɓa ganin Kwaɗo yana gudu ba sai ranar. Ya faɗa kemis.

“Gwaggo, ƙuri'arki! Karanto!”

“Ɗan nan, ai saƙon cewa ya yi kada a faɗa wa kowa.”

“Ni kowa ne? Gwaggo, ni fa Kwaɗo!”

Ta karanto. Ya faɗa shagon wanzami, ya same shi riƙe da aska a wuyan mutum, ya zaro wayar daga aljihunsa da kansa. Mai takalma ya ba da tasa har yana tambaya ko za a zo da 'yan jarida. Ƙuri'a bakwai Kwaɗo ya karanta wa muryar nan, yana haki. Ta gode masa, ta ce ya yi wanka ya jira, mota na tafe.

Ya yi wanka. Ya share ƙofar shago, ya aro kujeru goma sha biyu ya jera, ya zauna a ta tsakiya.

Motar farko da ta tsaya ba ta ƙungiya ba ce. Yayar wanzami ce ta fito daga ciki, ɗauke da kular abinci da filo, tana rusa kuka.

“Ina ƙanena? Wane asibiti aka kai shi? Ƙafar dama ce ko ta hagu?”

Wanzami ya fito da aska a hannu, a kan ƙafafunsa biyu.

“Yaya, lafiya?”

“Kai ba kai ka turo mini cewa mota ta take ka ba, a taimaka da gaggawa?”

Kafin ya ba ta amsa, surukan Gwaggo mai kemis su uku suka sauka daga babur biyu, wai sun samu saƙo tana tsare a filin jirgin sama na wata ƙasa, fasfonta ya ɓace. Gwaggo, wadda ko tashar mota rabonta da ita shekara tara, ta leƙo ta taga da kwalbar maganin tari a hannu. Mai takalma kuwa shafinsa ya koma tallar maganin sanƙo, da hotonsa a sama an dasa masa gashi har kafaɗa. Sai ga bawan Allahn nan mai rabin aski ya iso da nasa fushin, yana neman wanda ya nuna kansa ga duniya ba da izininsa ba, don tun jiya abokan aikinsa suke kiransa Rabi-da-Rabi.

Jama'a suka cika kujerun da Kwaɗo ya jera, har wasu a tsaye.

“Ku kwantar da hankali,” in ji shi, muryarsa ta ɗan sirance. “Ba yadda za a yi a ɗaga giwa. Wataƙila iska ce ta kaɗa layin waya.”

“Iska ce ta karya mini ƙafa?” in ji wanzami.

“Ni kuma iska ce ta kai ni filin jirgi?” in ji Gwaggo. “Kai, ɗan nan, tirela ka ce mini, da kaya!”

“Gwaggo, tirelar tana nan...”

“Tana nan, amma wani ke tuƙa ta!”

Ana cikin haka mai gyaran waya ta sauka da kwalin kayanta. Aka nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta cire tabarau ta goge.

“Yaya, kai ka ce a matso da wayar?”

“Don rubutun ya fito.”

“Ya fito kuwa. Lambobi shidan fa, wa ya ba su?”

Layin gaba ɗaya ya juya ya dubi Kwaɗo.

“Ƙuri'a ce,” in ji shi a hankali.

“Makullin kwaɗo na biyu ne. Na farko ka nuna musu a bidiyo, na biyu ka bi gida-gida ka karɓo musu. Wanda bai kunna na biyun ba ma, ko kiran ba sa bukata, tun jiya sun shige.”

A nan ne Kwaɗo ya juya ya dubi ƙusar sama. Ita ya fara nunawa a bidiyon, kuma shi da bakinsa ya ce wa maiɗakinsa ba ta bukatar kulle na biyu. Ya tuna ta a gaban keke, bayanta a sunkuye, tana ɗaukar hoton labule sau goma kafin ta samu wanda ya yi mata. Shekara shida. Tsoro ya kama shi na gaske, da kunya wadda ta fi tsoron, har wuyan nan ya sace kamar an zare masa iska. Da a ce lambar yabon ta iso a lokacin, da ko kallonta ba zai yi ba.

Sai ga ta ta ɓullo daga kan kwana, da ƙunshin labule a ka, za ta kai wa mai saye. Ta ga taro, ta tsaya.

“Baban yara, me ake rabawa?”

“Uwar yara,” ya ce. “Na kashe ki. Shafinki... na ba ɓarayi da hannuna. Ki yafe mini.”

Ta sauke ƙunshin a kan kujera, ta zaro waya, ta danna.

“Wane shafin? Ga shi yanzu wata ta ce in ɗinka mata zanin gado huɗu.”

“To safayar da kika ba ni?”

“Ka karanta ta kuwa?”

Mai gyaran waya, wadda ke duba abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza.

“Ku tsaya, ɓarawon ma ya bar saƙo. Ku ji: ‘Injiniya, mun gode da giwa da tirela. Ta ƙusar sama mun gwada sau goma sha ɗaya ba ta buɗe ba. Amma don Allah ka ji tausayin baiwar Allah, ka yi abin da ta ce.’”

Wanzami ya taka kujera ya ciro takardar, ya ɗaga ta sama, ya karanta da ƙarfi yana rarraba kalmomin:

“Ka, Gyara, Ƙofar, Gida, Shekara, Biyu, Ke, Nan.”

Dariyar da aka yi har yayar wanzami sai da ta zauna a kan filonta. Gwaggo ta manta tana tsare a filin jirgi, tana share hawaye da gefen mayafi. Rabi-da-Rabi ya ce shi kam ya yafe, ya ga wanda ya fi shi shiga uku.

“Ai na ce ka rataye ta inda za ka riƙa gani,” in ji maiɗakinsa. “Ɓarawo ya karanta, kai ba ka karanta ba.”

Yinin ranar a shagon mai gyaran waya aka ƙarasa shi, mutum bayan mutum, ana ƙwato shafuka ana sa sababbin kalmomi, kowa ya juya wa Kwaɗo baya yana rubuta tasa. Shida suka dawo. Na mai takalma bai dawo ba, sai sabo aka buɗe masa, kuma har yau akwai masu tare shi a hanya suna tambayar maganin sanƙo. Aka sa Kwaɗo ya goge bidiyon, ya bi dangin kowa a waya yana cewa ba a take kowa ba, ba a tsare kowa ba. Takardun allon kuwa, a gaban jama'a ya yayyage su.

Kafin rana ta faɗi ya ɗauki sukudireba da sabon kwaɗo ya nufi gida. Ya janye kujerar, ya ɗaura kwaɗon, ya gwada shi sau uku, yana shiga yana fita ƙyas. Da yake hali ba ya barin mai shi, wuyan ya fara ɗan tasowa.

“Kin ga aiki? Wannan kwaɗon, ko giwa...”

“Baban yara.”

Sai ya miƙa mata makulli ɗaya, ya zura ɗayan a aljihu.

“Wancan fa?” ta ce.

“Safaya ce. Zan kai shago in rataya.”

Ta miƙo tafin hannu. Ya duba hagu, ya duba dama, babu mai ceto. Ya zaro ya ɗora mata.

“To ni da me zan riƙa shiga?”

“Ka ƙwanƙwasa,” in ji ta. “Idan na tabbatar kai ne, sai in buɗe.”